Fim, tikiti da faifan wasa: cacar bakin masoya kiɗan rok

Auta: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Tambaya biyu gare ni, don Allah kada a yi mini dariya. Na kalli Becoming Led Zeppelin, fim ɗin tarihin ƙungiyar rok ta Led Zeppelin, da ya fito a 2025, sai na ga labarin ya tsaya a farkon 1970, daidai inda abin ya fara daɗi. Wane fim zan nema in gan su a kan dandamali lokacin da suke tashe? Na biyu, ina ake samun faifan wasanninsu na gaban jama'a, ba na sutudiyo ba?

Kawu Garmaho: Wa alaikumus salam Auta. Wa zai yi maka dariya a nan? Mu da muka tsufa ana ce mana masu jin hayaniyar Turawa. Ka nemi The Song Remains the Same, na 1976. An ɗauke shi a Madison Square Garden da ke New York, dare uku a jere, cikin Yulin 1973. Sai dai ka tanadi haƙuri. Ana tsakiyar kiɗa sai a yanke, a nuno maka Robert Plant bisa doki da takobi zai je ceto wata budurwa, ko Jimmy Page yana hawan dutse cikin dare. Kowannensu aka ba shi fili ya yi mafarkinsa. John Bonham ne kaɗai ya yi abin hankali, ya nuna gonarsa da dabbobinsa da motar tsere, ya koma kan gangunansa.

Injiniya: Kawu, ku ƙara masa da cewa ba duk abin da zai gani ne New York ba. Da aka zo haɗa fim ɗin an tarar da giɓi da yawa, kyamarori ba su kama wasu wurare ba. Sai a 1974 aka gina irin wancan dandamalin a sutudiyon Shepperton a Ingila, suka hau suna kwaikwayon kansu da kansu. John Paul Jones ya riga ya rage sumarsa a lokacin, dole aka sa masa hular gashi. In ka ƙura ido za ka gane wuraren.

Kawu Garmaho: Kai dai Injiniya ba ka barin mutum ya ji daɗinsa. Ko da hular gashin, hannun da ke kan jitar na Page ne.

Maman Zahra: Ni wannan bai dame ni ba, ɗinkin giɓi ne. Wanda ke ci mini rai shi ne fim ɗin da zai sauya tarihi don ya sa mutane kuka. Bohemian Rhapsody nake nufi, fim ɗin ƙungiyar Queen. An nuna wai Queen ta watse, Freddie Mercury ya tafi yin nasa shi kaɗai, sannan ya dawo yana roƙon gafara ana gab da Live Aid, babban wasan tara kuɗin agajin yunwar Habasha. Alhali ba su watse ba. Sun yi wasa a Rio a Janairun 1985, sun rufe rangadinsu a Japan cikin Mayu, Live Aid kuma 13 ga Yuli aka yi shi a Wembley. Wata biyu ke nan tsakani. Kuma Roger Taylor ya riga Freddie fitar da faifan kansa, tun 1981, ba wanda ya kira shi maci amana. Mafi muni, an jawo labarin ciwon ƙanjamau na Freddie an kawo shi kafin wasan, bayan abin da na kusa da shi suka faɗa shi ne a 1987 aka tabbatar masa.

Hajjo: Anti, amma fa fim ne, ba darasin tarihi ba. 'Yata ba ta taɓa jin sunan Queen ba sai a wannan fim ɗin, yanzu ita ke gaya mini wai a Zanzibar aka haifi Freddie. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 900, ya ci Oscar huɗu. Da sun bi gaskiya tiryan-tiryan, wa zai zauna?

Maman Zahra: Ƙanwata, ban ce kada a yi fim mai daɗi ba. Abin dubawa shi ne wa ke riƙe da alƙalamin. Brian May da Roger Taylor suna cikin masu shirya fim ɗin, shi kuwa wanda aka ɗora wa laifin rabuwar yana ƙasa tun 1991, ba shi da bakin musu. Duk fim ɗin da 'yan ƙungiya ke da ta cewa a kansa, ki kalle shi da ido ɗaya a buɗe.

Injiniya: Ba duka ba Maman Zahra. Metallica su suka biya kuɗin Some Kind of Monster na 2004, kuma ba wanda ya fito da mutuncinsa cikakke a ciki. Manyan mutane masu kuɗi sun ɗauko mai sasanci suna biyan sa dala 40,000 a wata don ya koya musu magana da juna. James Hetfield ya tafi asibitin daina shaye-shaye, ya dawo ya ce sa'a huɗu kawai zai riƙa aiki a rana, kuma kada wanda ya saurari abin da aka ɗauka bayan ya tafi gida. Lars Ulrich ya harzuƙa yana yi masa ihu a fuska. Suka bari aka fitar da shi haka. Ni ban san wata ƙungiya da ta yarda aka tsiraita ta irin wannan ba.

Kawu Garmaho: Ni wanda ya zaunar da ni shi ne Get Back na Peter Jackson, a kan ƙungiyar The Beatles. Kusan sa'a takwas, yawancinsa shan shayi da hamma da gardama a Janairun 1969, amma a ciki za ka ga Paul McCartney zaune yana ta dukan jitarsa ba kai ba gindi, George da Ringo suna kallon sa da idon barci, kafin ka ankara waƙa ta fito daga babu. Wannan minti biyun ya fi mini duk fina-finan da ake ɗauko ɗan wasa a manna masa haƙora.

Auta: Na gode ƙwarai. Na rubuta su duka. Na kuma ga wani wai shi Celebration Day, shi ma nasu Led Zeppelin ne?

Injiniya: Nasu ne, kuma ya fi na 1976 tsabtar sauti. Wasan da suka yi ne a O2 na Landan ran 10 ga Disamba 2007, don tunawa da Ahmet Ertegun, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin faifai na Atlantic. Jason ɗan Bonham ya zauna a kujerar mahaifinsa. Fim ɗin bai fito ba sai 2012. Abin mamaki a wasan nan shi ne tikiti: fam 125, wurin bai wuce mutum dubu 20 ba, kundin Guinness kuma ya rubuta cewa an nemi tikiti sau miliyan 20. Ƙuri'a aka yi.

Alhajin Kwari: To ga inda nake jira a zo. Mutum miliyan 20 na neman kaya, ka sayar a fam 125. Wallahi in yarona ya yi mini haka a shago, ranar zai koma ƙauyensu. Kullum ina jin ku kuna zagin 'yan cuwa-cuwar tikiti, ni kuwa ban ga laifinsu ba. Sun saya da kuɗinsu, sun sayar wa mai so. Ba a sa wa kowa wuƙa a wuya ba.

Maman Zahra: Alhaji, ranka ya daɗe, na san za ka shigo. Ba irin kasuwancinku ba ne. Kai in atamfa ta yi tsada, wani zai sauko da wata kwantena gobe, farashi ya faɗi. Nan dare ɗaya ne, kujeru ƙidayayyu, ba mai ƙaro ko guda. Wanda ya kwashe su bai kawo komai kasuwa ba, hanya kawai ya tare. Daidai yake da 'yan bumburutu lokacin wahalar mai: gidan mai a rufe, su kuma ga su a bakin ƙofarsa da jarkoki, kuma kowa ya san daga wane famfo man ya fito.

Alhajin Kwari: Hajiya, ɗan bumburutun nan shi ke kai ki asibiti da dare in tankinki ya ƙone.

Maman Zahra: Shi ya ƙonar da shi tun farko ai.

Injiniya: Alhaji, bari in kawo maka misali da kotu ta yanke, ka gani ko ciniki ne. A 2020 wata kotu a Leeds ta ɗaure wasu mutum biyu, ɗaya shekara huɗu, ɗaya biyu da rabi. Sun yi amfani da sunaye barkatai da katunan banki da yawa, da manhajar kwamfuta mai shiga shafi ta kwashi tikiti kafin ɗan Adam ya gama rubuta sunansa. Sun sayi na kusan fam miliyan 4, suka sayar a kan sama da miliyan 10. Masu wasa sun ce mutum ɗaya kada ya wuce tikiti kaza, su kuma suka rikiɗa suka zama mutum ɗari. Wannan ba wayon kasuwa ba ne, algus ne. Amurka ma tun 2016 ta yi dokar hana irin wannan manhajar, sai dai kamun da aka yi da ita bai taka kara ya karya ba.

Alhajin Kwari: Wannan na yarda, wanda ya yi ƙaryar suna ɓarawo ne. Amma ku amsa mini wannan. In akwai mai biyan fam 350, kuɗin nan dole wani ya ci shi. Wa ya fi cancanta, wanda ya yi waƙar ko wani ƙato a ɗakinsa da kwamfuta? In mawaƙin ya sa 350 tun farko, ɗan cuwa-cuwa ya mutu da yunwa, magana ta ƙare.

Hajjo: Ai abin da aka yi a Oasis ke nan Alhaji, kuma ka ga ƙurar da ta tashi.

Injiniya: Bari a faɗe shi daki-daki don waɗanda ba su bi ba. Ƙarshen Agustan 2024 Noel da Liam Gallagher, wa da ƙanin da ke jan ragamar ƙungiyar Oasis, suka sanar sun shirya, bayan shekara 15 ba sa ga maciji. Ran 31 ga wata aka buɗe sayarwa. Mutane sun wuni a layin intanet da sanin tikitin tsayuwa kusan fam 150 ne, da layi ya zo kansu sai wasu suka tarar ya haura 350, ga agogo yana ƙirga musu 'yan mintoci su biya ko su rasa. Hukumar CMA mai sa ido kan gasa a kasuwannin Birtaniya ta buɗe bincike kan Ticketmaster, kamfanin da ya sayar da tikitin. Abin da ta fitar a Maris 2025 ya ba mutane mamaki: ba ta ga shaidar cewa kwamfuta ce ke ɗaga farashi minti-minti ba. Tikitin tsayuwa ne aka kasa gida biyu, aka sayar da masu araha tukuna, da suka ƙare aka fito da masu tsada, ba tare da an gaya wa na kan layi ba. Akwai kuma kujerun da aka laƙaba wa suna platinum aka sayar kusan ninki biyu da rabi, alhali ba wani abu da suka fi sauran da shi.

Alhajin Kwari: To ka ga, rashin bayani ne laifin, ba tsadar ba. Ni a shago in na ce yadi kaza ne, ba na bari sai mutum ya ciro kuɗi sannan in ce ya ƙaru.

Maman Zahra: A nan mun haɗu. Inda muka rabu shi ne, ni ko an yi bayanin ban yarda ba. Su wa suka ɗaga Oasis? Yaran unguwannin talakawa na Mancesta, irin Burnage inda su kansu suka tashi. A Knebworth a 1996 mutum 250,000 suka kalle su cikin dare biyu, tikiti fam 22 da rabi. Yaro mai aikin wankin kwanuka zai iya tara wannan. In ka ce sai mai 350, ka cika fili da waɗanda suka zo ɗaukar hoto, masu haddar waƙoƙin suna waje. A wasansu na Heaton Park da ke Mancesta ma an ga haka a 2025, jama'a suka taru kan wani tudu a wajen shinge suna saurare daga nesa, har hukumar birni ta ƙara kafa shinge don tare musu gani.

Kawu Garmaho: 'Yata kin yi gaskiya, amma kada a wanke mawaƙan tas. Oasis sun ce ba su san za a yi haka ba, sun bar wa manajoji da masu shirya wasa. To wa ya ɗauki manajan? Wanda ya so hanawa ya hana. Robert Smith na The Cure a rangadinsa na Amurka a 2023 ya ƙi tsarin farashi mai hawa, ya sa tikiti har na dala 20, ya kuma hana a miƙa wa wani sai ta hanyar musaya a kan farashinsa. Da ya ga kuɗin hidima da aka ɗora wa wasu ya fi kuɗin tikitin kansa, ya fito fili ya yi ta faɗa har Ticketmaster ta mayar wa mutane dala 10, wasu dala 5. Kuɗin ba yawa, amma ya nuna cewa mai wasa yana da baki.

Injiniya: Pearl Jam sun riga shi Kawu, kuma su sun sha kashi. A 1994 suka so tikitinsu ya tsaya dala 18, kuɗin hidima kada ya wuce dala 1.80. Suka kai ƙarar Ticketmaster ma'aikatar shari'a ta Amurka, biyu daga cikinsu suka ba da shaida a gaban majalisa. Sauran manyan ƙungiyoyi suka yi gum. 1995 gwamnati ta rufe binciken, su kuma suka yi ta wahalar neman filayen da ba na kamfanin ba, daga baya suka haƙura suka koma. A 2010 kamfanin ya haɗe da Live Nation, wato mai shirya wasa da mai filaye da mai sayar da tikiti sun zama gida ɗaya. Sai a Mayun 2024 ma'aikatar shari'ar ta kai su kotu da kanta, shekara 30 bayan ƙorafin Pearl Jam.

Hajjo: To yanzu mene ne magani? Don ni na gaji da tarihi, ina son in san abin da zan yi in wasa ya zo.

Maman Zahra: Na ɗaya, kada ki saya a hannun mutumin da ya tare ki a bakin tashar jirgin ƙasa. Za ki gan su, hannu cikin aljihun jaket, suna tafe suna magana ƙasa-ƙasa kamar masu lazimi, ko kana da na sayarwa, ko kana neman saya. Na taɓa tsayawa a layi bayan wata yarinya da saurayinta da suka saya a irin wannan hannun. Mai gadi ya ɗora na'urarsa kan wayarta, ta yi ja. Ya goge gilashin da hannun rigarsa ya sake, ta kuma yin ja. Ashe hoton tikiti ɗaya aka tura wa mutane da yawa, wanda ya riga shiga ya shiga. Ta sha kwalliya da rigar ƙungiyar, haka suka koma gefe tana kiran lambar da ba ta shiga. Na biyu, in za ki sayi na hannu, ki bi inda masu wasan suka amince. Oasis shafin Twickets suka ambata, da sashen musaya na Ticketmaster, inda ba a wuce farashin asali. Masu shirya wasan sun ce za su soke tikiti kusan 50,000 da aka gani a wasu shafukan.

Injiniya: Kuma a jira. Kwanaki kaɗan kafin wasa masu uzuri suna sakin nasu, su ma masu shiryawa sukan saki wasu kujeru bayan an kafa dandamali an ga inda bai tare ba. Ta fuskar doka kuwa, Ireland tun 2021 ta hana sayarwa sama da farashin asali a manyan wurare, gwamnatin Birtaniya ma ta sanar a Nuwamban 2025 cewa za ta kawo irin wannan dokar. Glastonbury kuwa tun 2007 suka toshe ƙofar: sai ka yi rajista da hotonka, a buga shi jikin tikitin.

Alhajin Kwari: Doka za ta kora su Facebook da WhatsApp ne kawai, inda in an cuce ka ba ka da wurin kai kuka. Ku rubuta ku ajiye.

Kawu Garmaho: Mu dai da muke Kaduna wannan rigimar ta masu biza ce. Mu faifai ne filin wasanmu, shi ya sa tambayar Auta ta biyu ta fi mini muhimmanci, kun bar ta a baya. Ɗana, fara da Made in Japan na Deep Purple. Dare uku a Agustan 1972, biyu a Osaka ɗaya a Tokyo. Nawa na garmaho ne, faifai biyu, bangon ya ci duniya har na ɗaure gefensa da salatif. Fuska ta huɗu waƙa ɗaya ce tak, kusan minti 20. In na ɗora allura akwai wani ƙas-ƙas da take yi kafin tafin Japanawa ya taso, na saba da shi har in na ji na intanet mai tsabta sai in ji kamar an cire wani abu. Daga nan ka nemi Live at Leeds na The Who, 14 ga Fabrairu 1970, a ɗakin cin abincin jami'a aka yi shi. Na Led Zeppelin kuwa, How the West Was Won ya fi faifan fim ɗin nan nesa ba kusa ba. Wasannin Kalifoniya ne na Yunin 1972, aka ajiye su sai 2003.

Injiniya: Sai dai Auta ya sani, kalmar kai-tsaye a jikin bango ba rantsuwa ba ce. Kiss sun amsa da bakinsu cewa an gyara Alive! na 1975 a sutudiyo. Live and Dangerous na Thin Lizzy har yau ana jayayya, Tony Visconti da ya haɗa shi ya ce an sake yawancinsa, 'yan ƙungiyar suka ce ƙarya ne, gyaran kaɗan ne. How the West Was Won ɗin ma Page ya ɗinka dare biyu ne ya mai da su ɗaya. Wanda ke son jin dare kamar yadda ya faru, da kuskurensa da tsinkewar tsirkiya, sai ya gangara wajen na bayan fage.

Auta: Yaya Injiniya, na bayan fage kamar yaya? Na sata?

Injiniya: Waɗanda 'yan kallo suka naɗa a ɓoye, ko aka zare daga na'urar mai haɗa sauti. Iri biyu ke nan, kuma ka riƙa duba wanne ne kafin ka sauke. Na na'ura murya da jita suna fitowa tar amma ba ka jin jama'a, na cikin taro kuwa kana jin ɗakin gaba ɗaya har da wanda ke ihu kusa da mai naɗin. Gwanin wannan fanni shi ne Mike Millard na Los Angeles. Keken guragu yake shiga da shi alhali ƙafarsa lafiya lau, abokinsa na tura shi, rakoda Nakamichi a ƙarƙashin matashin kujera, makirfo a cikin hula. Naɗinsa na Led Zeppelin a Forum ran 21 ga Yuni 1977 ya yi kyan da Page da kansa ya ɗebi wani yanki ya sa a DVD ɗinsu na 2003, mutumin da manajansa Peter Grant ya yi suna wajen farautar masu naɗi. Wuraren nema kuwa: Discogs don sanin bugu nawa faifai yake da su da kuma sayen na hannu, setlist.fm don gano ranar wasa da jerin waƙoƙin, nugs.net inda irin su Springsteen da Metallica da Pearl Jam ke sayar da wasanninsu da kansu. Kyauta kuma ta halal tana Internet Archive, sashen Live Music Archive, na ƙungiyoyin da suka ba da izini. Grateful Dead tun 1984 suka ware wa masu naɗi wurinsu a fili, bisa sharaɗin musaya ban da sayarwa. Ka fara da wasansu na Jami'ar Cornell, 8 ga Mayu 1977. In data ta ishe ka ka ɗauki FLAC, fayil mai nauyi da cikakken sauti, in ba haka ba MP3 ma ta wadatar a waya.

Alhajin Kwari: Tsaya Injiniya. Mai keken guragun ƙarya gwani ne, mai sayar da tikiti kuma ɓarawo? Ina adalcin?

Injiniya: Millard ba ya sayarwa Alhaji, kyauta yake ba abokai, har alama yake sa wa kowane kaset don ya gane wanda ya kai wa 'yan kasuwa. Kuma naɗinsa bai hana kowa kujera ba. Masu buga shi su sayar, waɗannan kam layinsu ɗaya da mutanenka. Maganinsu kuma an gano shi tuntuni: Rolling Stones na ganin wani faifan bayan fage na wasansu na Oakland yana ciniki a 1969, suka fitar da nasu a 1970. Pearl Jam suka fitar da faifai 72 na rangadin 2000, kusan kowane dare da nasa.

Ɗan Agadas: Salamu alaikum, ina ta karatu tun ɗazu ina dariya. Kuna ta Landan da New York, ga rok a bayan gidanku. A nan ba tikiti, ba shinge. Gidan biki ne, a shimfiɗa tabarmi a fili, a tada janareto, a jingina lasifika kan kujera, masu jita su tsaya da rawunansu, samari su kewaye wurin da babura. In mai ya ƙare kiɗa ya tsaya, a aiki yaro. Kowa ya ɗaga wayarsa yana naɗa, gobe ka je wajen mai cajin waya ya zuba maka a memori. Haka waƙoƙin mai jitar nan Mdou Moctar suka bi Sahara ta Bluetooth kafin wani kamfani ya san da shi, har Christopher Kirkley na kamfanin faifai Sahel Sounds ya ji shi ya sa shi cikin faifan Music from Saharan Cellphones. Fim ma muna da shi, Akounak Tedalat Taha Tazoughai na 2015, a Agadas aka yi shi da Tamashek, an bi sawun Purple Rain na Prince, Mdou na yawo kan babur da jita a baya. Bombino kuma, shi ma mai jita, akwai fim ɗin Agadez, the Music and the Rebellion na Ron Wyman, da wasan da ya yi a gindin babban masallaci a Janairun 2010 bayan ya dawo daga gudun hijira.

Kawu Garmaho: Madalla da ɗan Abzin. In haka ne a ƙara da Ginger Baker, makaɗin gangar Cream, da ya ƙetaro Sahara da Range Rover zuwa Legas a 1971, Tony Palmer ya yi fim ɗin tafiyar. Faifansa da Fela mai suna Live! shi ma na shekarar ne, amma a sutudiyo aka yi shi a Landan, aka gayyato mutane kaɗan su zama 'yan kallo.

Hajjo: Malam Ɗan Agadas, to su masu jitar me suke samu in kowa na kwafa kyauta?

Ɗan Agadas: Daga memorin, ko dala. Mai shagon ne ke karɓar kuɗin zubawa. Abin da suke samu shi ne suna, sunan ke kawo gayyatar biki daga Tawa har Arlit, a bikin ake biyan su a kuma yi musu liƙi. Wanda ke waje yana son kuɗinsa ya isa hannunsu, ya sayi na Sahel Sounds a shafin Bandcamp, ko Live in Amsterdam na Bombino da ya fito 2020.

Alhajin Kwari: Wato mai shagon caji yana cin guminsu ba wanda ya zage shi, har ana yaba masa ya yaɗa al'ada. Maman Zahra, ina jiran ki.

Maman Zahra: Alhaji, mai shagon caji bai taɓa tsayawa a ƙofar gidan biki ya ce sai an ba shi jaka goma za a shiga ba. Ran da ya fara, ka kira ni.

Alhajin Kwari: Don ba ƙofar ne. Ɗan Agadas, nawa ake kafa shinge a garinku? Ina da rarar kwano a sito.

Ɗan Agadas: Alhaji ka zo da shi, amma ka taho da mai gyaran kwano, don baburan nan ba su da birki.